Kawu Arzika da Awazar Baba Dikko

Duk wanda ya zauna da Kawu Arzika ko na yini ɗaya ne ya san ba a faɗa masa magana ya karɓa haka nan. Ka ce masa ruwan randar nan ya fi na waccan sanyi, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wa yag gwada?" Ka ce masa yau ana zafi a Sakkwato, maganar da ko jariri ba zai musa ba, sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ma'aunin zafi, ya ɗaga shi sama, ya jira, ya duba, sannan ya yarda da kai. Wani lokaci ma ba ya yarda. Ma'aunin nan aljihu ɗaya suke da biro, kuma har masallacin Juma'a da shi yake zuwa. Akwai ranar da likita ya gaya masa jininsa ya hau. Ya tambaya wa ya gwada. Likitan ya ce shi ne, yanzun nan, a wannan hannun da bai gama saukar da rigarsa ba. Kawu ya ce to, ita na'urar wa ya gwada ta?

Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, yana wanke kwalabe, yana auna hoda, yana shirya wa ɗalibai kayan aiki. Da ya yi ritaya aikin ne ya ƙare, halin bai ƙare ba, gida ya dawo da shi. Ga kuma tsimi. Babur ɗinsa in ya zo gangara kashe shi yake yi, ya bar Allah ya kai shi ƙasa. Gawayi in an gama girki sai ya yayyafa masa ruwa ya shanya, gobe a sake hurawa. Matarsa, Inna Kulu, ta sha cewa akwai wani gawayi a gidansu da ya ga aure biyu da suna uku.

Ni Asma'u, Kawu Arzika ƙanin mahaifiyata ne. Tun da ya rasu bara, duk inda 'yan gida suka haɗu kowa da labarin da yake kawowa. Nawa shi ne na makonni shidan da ya yi yana fama da awaza. Ku na Kano kun ci ƙarshenta ne kawai, kun lashe hannu kun hau mota. Ni ce na ci farkonta da tsakiyarta, saboda haka ni ya kamata in faɗa.

Gidanmu gidan mahauta ne tun kakanni, a nan unguwar Gidan Igwai. Babban gidan shi ne Baba Dikko, yayan mahaifiyata da Kawu Arzika. Shi ma kawuna ne, amma kowa Baba yake ce masa. Duk gidan Kawu Arzika ne kaɗai bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba, boko aka sa shi ya bi ta. Tsakaninsa da Baba Dikko akwai wata tsokana da ta girme mu duka. Baba kan ce an haifa masa ƙane an ba kwalba riƙo. Kawu kuma kan ce yayansa ya yi shekara sittin yana yanka abin da bai san sunan gaɓoɓinsa ba.

Kowace shekara in an yi hutun makarantu na ƙarshen shekara, 'yan uwa na Kano da na Birnin Kebbi da na Abuja kan dawo, a taru a gidan Baba Dikko ranar wata Asabar a ci abinci tare. Ana yin shinkafa, ana yin masa da miyar taushe, amma abin da ake zuwa dominsa shi ne awaza, wato haƙarƙarin rago, wadda Baba ke gasawa da hannunsa ba ya bari kowa ya taɓa. Sai ga ciwon haƙori ya matsa masa. Aka yi ta cire su a asibiti ɗaya bayan ɗaya har bakin ya zama fili. 'Ya'yansa suka yi masa na roba. Ya sa su yini ɗaya, ya cire ya jefa a gwangwani, ya ce ba zai ci abinci da bakin wani ba.

A taron wannan shekarar 'ya'yansa ne suka yi gashin. Aka ajiye a gabansa, ya ɗauki yanka ɗaya ya sa a baki, ya yi ta juya shi daga wannan kunci zuwa wancan. Mutane na hira, kowa na yi kamar bai gani ba. Can ya faki ido ya fito da shi ya dunƙule a hannu, ya tashi ya shige ɗakinsa. Washegari ya tara manyan gida ya ce daga bana an gama taro, kowa ya ci namansa a gidansa. Aka ba shi baki, ya ƙi. Mun san dalili, shi ma ya san mun sani, sai dai ba wanda ya iya furtawa. Mutumin da ya ciyar da unguwa nama shekara da shekaru ba zai zauna gaban jikokinsa yana shan romo ba.

Aka bar maganar kusan shekara. Saura mako shida lokacin ya zagayo, Kawu Arzika ya hau babur ya je ya sami yayansa a zaure. Ina wurin, na kai wa Baba maganinsa. Kawu ya ce masa bana za a yi taro, shi zai dafa awazar, kuma Baba zai ci ta da bakin nan nasa, ba roba.

Baba ya daɗe yana dubansa. "Kai? Kai da ko kaza ba ka iya figewa?"

"Ba a dai ba ni ba, Yaya."

Baba ya ce to, ya ji. In ya iya ci, taro ya ci gaba. In kuwa ya kasa, kada wanda ya ƙara ta da maganar har ya bar duniya. Kawu ya ce ya yarda. A hanyar fita ya tsaya ya sanar da ni cewa daga ranar ni ce mai ɗanɗano, tunda ni malamar makaranta ce, na saba gaya wa mutane sun faɗi.

Abu na farko, ya ƙi sayen naman gwaji a wurin 'ya'yan Baba, wai kada asirinsa ya fita. Sai ya riƙa tafiya har Kwalkwalawa, can ƙetaren gada ta wajen jami'a, wurin wani mahauci da ya sani tun yana aiki, ya sayo ƙashi uku rak, ba ƙari. Abin da bai sani ba, mahaucin nan a hannun Baba Dikko ya koyi fawa. Kafin Kawu ya ƙetare gada a dawowa, an riga an bugo wa Baba waya an gaya masa ƙashi nawa ne, na rago ne ko na tunkiya. Haka aka yi har ƙarshe. Kowa a gidan ya sani, in ban da mai asirin.

Gwajin farko na gwanda ne. Ya ji ana cewa ganyen gwanda na sa nama laushi. Mata kan naɗe nama a ciki na ɗan lokaci, su wanke su dafa. Kawu ya zauna ya yi nasa tunanin: in ganye na yi, ai ɗanyar gwandar da kanta ta fi yi, in rabin awa na yi, ai yini ya fi. Ya yayyanka ɗanyar gwanda ya dandaƙa ta tare da ganyen, ya cusa awazar a ciki tun da safe, ya ƙara 'yar kanwa don kada a yi sake. Bayan La'asar ya kira ni. Na taso daga Sama Road inda nake zaune, na tarar ya gasa, ya jera a faranti, ya kifa wani a kai.

Abin da na gani ba zan kira shi nama ba. Launinsa na tsakanin toka da kore, kuma da na taɓa sai ya biyo yatsana kamar ƙullun ƙosai. Na rufe ido na sa a baki. Ɗaci ne ya fara isowa, sannan kanwa, can daga baya wani abu mai kama da labarin rago.

Ya tambaye ni ko ya yi laushi. Na ce ya yi. Ya tambaya ko ana iya ci. Na ce ba a iyawa. Ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya ce to an samu rabi.

Inna Kulu na gefe tana tsintar shinkafa. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki yanka ɗaya ta jefa wa kyanwarta. Kyanwar ta taho da gudu, ta sunsuna, ta ja da baya, ta dubi Kawu, ta haura katanga.

"Kyanwa ba ta cikin gwajin," in ji shi.

Bayan 'yan kwanaki ya zo gidana ya ce in ara masa tukunyata mai huci, irin wadda ake kulle murfinta tururi ya dafa abinci da sauri. Na fara yi masa bayanin yadda ake amfani da ita, ya ɗaga mani hannu. Ya ce shekara talatin yana dafa kwalabe a cikin babbar yayarta, ba ni zan koya masa ba. Ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi.

Abin da ya biyo baya Inna Kulu ce ta ba ni labari, don ina makaranta. Ya zuba awaza da ruwa da kayan yaji ya ɗora a kan gas ɗinta. Da tukunyar ta ɗauki zafi, ɗan ƙarfen da ke saman murfin ya fara rawa yana fitar da tururi. Kawu ya tsaya yana kallon tururin nan na tafiya a banza. Mutumin da ke shanya gawayi ba zai jure wannan ba. Ya fita tsakar gida ya ɗauko ɗan dutsen niƙa ya ɗora a kan ƙarfen. Hucin ya yi shiru. Ya koma bakin ƙofa ya zauna, hankalinsa kwance, ya toshe ɓarna.

Allah ya sa masu ƙera tukunyar sun san akwai irin su Kawu a duniya, sun sa wata 'yar roba a gefen murfin domin irin wannan rana. Ita ce ta fita kamar harsashi. Romon gaba ɗaya ya bi ta wannan 'yar ƙofa ya tashi sama, ya daki kwanon rufi, ya dawo ƙasa kamar yayyafi. Maƙwabta suka firfito. Wani ya ce tukunyar gas ce, wata ta kwashi 'ya'yanta ta yi titi. Inna Kulu ta fito daga ɗaki ko ɗankwali babu, ta tarar da mijinta tsaye a ƙofar kicin, romo na ɗiga daga hularsa, ga albasa manne a tabarau.

Ta ce, "Malam, kana da rai?"

Ya ce, "Ina da. Romon dai ya tahi."

Ba wanda ya ji ciwo. Awazar da ta rage a gindin tukunya ta yi laushi ba laifi, sai dai fara fat, ba ƙamshi, irin wadda ake kai wa majinyaci a kwanon sha. Da na ɗanɗana na gaya masa haka. Ya ce shi ma ya gani. In aka ajiye wa Yaya Dikko wannan zai ɗauka an fara sallama da shi ne. Inna Kulu kuwa ta samo kwaɗo ta sa wa ƙofar kicin, ta ɗaure makullin a haɓar zanenta. Tukunyata ta dawo gida da soyayyar gyaɗa a ciki, wai ta ban haƙuri. Robar har yau ba a gan ta ba.

Da aka hana shi kicin, sai ya waiwayi gidan burodin da ke bayan layinsu, na wani Malam Isah, abokin sallarsa. Dama ya daɗe yana jin haushin tanderun nan: a fitar da burodin safe, zafin ya zauna ba aikin komai har a zo na yamma. Ya lallaɓi Malam Isah ya bar shi ya sa faranti ɗaya a wannan tsakanin. Malam Isah mutum ne mai kunya, ya kasa cewa a'a.

Wannan karon Kawu ya yi abin kirki. Ya shafa wa awazar citta da masoro da tafarnuwa da ɗan man gyaɗa, ya jera a faranti ya tura can ƙurya. Abin da bai lura da shi ba, farantin na da huda, don tsohon faranti ne da Inna Kulu ta yar da shi ya tsince. Kitsen ragon ya bi ta hudar ya malale a ƙasan tanderu. Burodin yamma gaba ɗaya ya fito yana ƙamshin balangu. Masu shayi suka rabu biyu. Wasu suka dawo da shi suka ce masu sha da madara sun ƙi. Wasu kuma suka dawo washegari suna tambaya ko akwai irin na jiya. Kwana uku Malam Isah ya yi yana ƙona tanderun da itace kafin ƙamshin ya fita. Ba su yi faɗa ba, amma daga nan in sun haɗu a sahu sai ya bar mutum ɗaya a tsakaninsu.

Da na je ɗanɗanon wannan, na tarar da Kawu zaune a kan tabarma, ya naɗe leɓɓansa ciki sun rufe haƙora, yana ta kokawa da yanka ɗaya kamar tsohuwar akuya. Na tsaya ina kallo. Ya ɗaga yatsa alamar in jira. Da ya gaji ya fito da naman ya duba, yana nan yadda yake. Na ɗauki wani na ci, na ce masa wannan kam ta yi daɗi, ita ce ta farko da zan iya ƙarawa. Ya ce duk ɗanɗanon da nake yi masa na banza ne, don da haƙora nake yi, wanda ake yi dominsa kuwa ba shi da su. Daga yau da dasashi za a riƙa gwadawa. Ya miƙo mani yanka ɗaya ya ce in naɗe leɓe.

Ni, uwar 'ya'ya huɗu, mataimakiyar shugabar makaranta, na zauna a tsakar gida na naɗe leɓe ina mamular nama. A haka maigidana ya shigo ɗaukata ya same mu, mu biyu, muna fuskantar juna. Ya yi sallama, ba wanda ya iya amsawa. Ya juya ya koma mota ya jira. Har muka isa gida bai tambaye ni komai ba.

Bayan wannan an yi na tsamiya, an yi na nono, an yi wanda ya haƙa rami a bayan gida ya binne da garwashi, ya fito rabi ɗanye rabi gawayi. Kwanaki na tafiya. 'Yan Kano suka fara bugo waya suna tambaya su taho ko su zauna. Baba Dikko, wanda ba abin da ke wuce shi, ya aiko a gaya wa Arzika in ya gaji ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Na lura Kawu ya rage magana. Wata rana na same shi ya tasa ƙashi uku a gaba bai taɓa su ba. Ya ce mani ba dariyar Yaya ke damunsa ba, ya saba da ita. In taron nan ya mutu, jikokin Kano da na nan za su haɗu a tasha wata rana ba su san juna ba. Sau ɗaya ya faɗa, ya koma zancen gishiri.

Na ce masa ya tambayi Inna Kulu mana, shekara arba'in tana girki. Ya ce girki daban, bincike daban.

Saura kwana huɗu, an riga an yi hutu ina gidan, Inna Kulu ta fita bakin titi da safe ta sayo awaza, wai ita take marmari. Ta fito da wata tsohuwar tukunyar ƙasa ta shimfiɗa albasa mai yawa a gindinta. Ta shafa wa naman gishiri da citta da kanunfari da masoro da ɗan man shanu, ta jera a kai, ta sake rufewa da albasa. Ko ɗigon ruwa ba ta zuba ba. Ta kifa murfi, ta liƙe bakin da kwaɓaɓɓiyar fulawa, ta ɗora a kan garwashi kaɗan. Duk wannan ba a kicin ta yi shi ba, a tsakar gida ta yi, daidai inda Kawu ke zama da rediyonsa. Ya ɗaga jarida ya rufe fuska, amma jaridar a ƙasan idonsa ta tsaya.

Can ya kasa haƙuri. Ya ce, kamar da rediyon yake magana, nama ba ruwa ƙonewa zai yi.

Inna Kulu ba ta ɗago ba. "Wa yag gwada, Malam?"

Ya koma bayan jaridarsa. Ya zauna a wurin tun hantsi har La'asar, sallah kaɗai ke tashinsa. In ta shiga ɗaki sai ya lallaɓa ya kara ma'auninsa a jikin tukunyar, ya dawo ya ɗauki jarida. Da ta fasa liƙin ta buɗe, albasar ta narke ta zama romo. Ta kama ƙashi ɗaya ta ja, ya zaro shi kaɗai, fes. Kawu ya naɗe leɓe ya gwada. Ya haɗiye. Ya sake ɗauka.

Ya yi gyaran murya ya ce dama nan bincikensa ya dosa: wuta kaɗan, dogon lokaci, rufaffen wuri. Da an ba shi kwana biyu da ya iso.

"Awo, Malam," ta ce. "Uwata ma nan nata binciken yat tsaya."

Amma in za a faɗi gaskiya, abu biyu nasa ne, kuma ba don su ba da aikin bai yi ba. Ya ce Yaya Dikko mahauci ne, in bai ji ƙamshin wuta a jikin nama ba zai ce farfesun mai jego aka ba shi. Saboda haka in an sauke daga tukunya a bar shi ya huce ya kama jikinsa, a shafa mai da yajin ƙuli-ƙuli, a ɗora a wayar gashi bisa garwashi mai ƙarfi, bayan ya yi ja kawai a sauke. Sannan da Inna Kulu ta ce tukunya ɗaya ta ishi Baba, sauran jama'a a gasa masu kamar kullum, Kawu ya ƙi. Ya ce in aka kawo wa Yaya kwano daban, ko me ke ciki ba zai taɓa ba. Kowa iri ɗaya zai ci, a faranti ɗaya. Aka bi maƙwabta ana aron tukwanen ƙasa har tara. Gawayi kuwa, ya buɗe buhunan da ya yi shekaru yana tarawa ya ce a kwasa. Inna Kulu ta ce duk zaman aurensu ba abin da ya ba ta mamaki kamar wannan.

Ranar Asabar bayan Magariba aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Baba Dikko. Gida ya cika, don labari ya kai ko'ina, kuma na tabbata wasu dariya suka zo yi. Maza a gefe, mu mata a namu gefen, amma idon kowa na kan babban farantin da aka ajiye gaban Baba. Ya zauna ya harɗe, fuska ba walwala. Ya yi bisimilla, ya ɗauki ƙashi ɗaya, ya juya shi, ya sunsuna, ya duba bakin saran. Ya ce wanda ya sare wannan bai iya sara ba. Babban ɗansa, wanda shi ya sare, ya sunkuyar da kai. Sannan Baba ya kai baki.

Ya ajiye ƙashin ya ɗauki wani. A hankali hira ta dawo, jikoki suka fara rigimar wa ya fi samu. Daga inda nake ina ganin abin da maza ba su gani: duk ƙashin da Baba ya gama da shi sai ya tura shi ƙarƙashin bakin tabarma, don kada a san nawa ya ci. Da muka zo naɗe tabarmar mun tarar da bakwai, a jere.

Da Baba ya wanke hannu ya tambaya wa ya yi wannan aiki, kamar bai sani ba. Kawu ya ce shi ne, bayan dogon bincike. Daga gefen mata Inna Kulu ta yi tari. Ya ƙara da cewa da 'yar gudummawa daga cikin gida.

Baba ya goge baki ya ce, "Albasa ta yi yawa."

Ya dubi ƙanensa, ya ƙara da cewa:

"Baɗi a rage ta."

Wasu ba su gane nan take ba, sai da suka ga mahaifiyata na share ido da bakin mayafi. Kawu kuwa ko yanka ɗaya bai ci ba, fura ya sa aka dama masa. Na tambaye shi dalili. Ya ce mako shida yana cin awaza safe da yamma, yanzu ko a hanya ya hango rago sauya layi yake yi.

An yi taro na gaba, an rage albasar, amma Inna Kulu da mu muka yi aikin. Kawu bai kai ba. Da damina ya kwanta, kwana tara, ya cika ranar wata Alhamis da hantsi.

Ranar addu'ar uku na kai wa Baba Dikko kunu a ɗakinsa, don tun ranar jana'iza bai ci wani abin kirki ba. Ya karɓa ya riƙe bai sha ba, ya ce in zauna. Ya gaya mani lokacin da mahaifiyarsu ta rasu Arzika bai cika shekara biyu ba, haƙoransa huɗu. Shi kuma yana da sha biyu, yana bin babansu mayanka. Kullum in ya dawo da ɗan naman da aka ba shi, sai ya gasa, ya tauna, ya fito da shi ya sa wa ƙanensa a baki. Sun fi shekara a haka. Ya ce bai taɓa gaya masa ba, mahaifiyata ma ƙarama ce lokacin, ba wanda ya rage da ya sani.

"Bai yiwuwa shi tuna," ya ce. Ya dubi kofin kunun. "Amma dai sai da yar rama mani."

Sannan ya sha kunun.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba Inna Kulu haƙuri, ya ƙara wa Baba Dikko lafiya, mu kuma ya bar mu tare. Amin.